Hannu a Gefen Kwalekwale

A Mai Wurno, bayan an shafa asuba,
kakana ya ture finjalin jabana gefe
ya ce yau zai ƙetare Nilu da iyo.
Shekarunsa, a bakinsa, tamanin da tara.
Inna Kuluwa ta ce ya rage,
ai ya girmi darbejiyar ƙofar masallaci.

Mutumin da sai an miƙa masa buta,
wanda tashinsa daga angarib
kan ci tsawon Fatiha ƙafa uku,
shi ne zai yi kokawa da ruwa?
Na ce, Baba Barmo, kifi ma in ya tsufa
ƙarƙashin dutse yake nema.
Ya ce, kai da aka haifa a gadon asibiti,
me ka sani game da kifi?

Malamin asibiti ya zo da abin awon jini,
ya ɗaure damtsen da ya koma busasshiyar kuɓewa,
ya ce zuciya ba jaki ba ce
da za a labta wa kaya a ce ta yi haƙuri.
Liman ya ja aya kan jefa kai ga halaka.
Baba ya saurara har ƙarshe,
sannan ya nemi a miƙo masa gajeren wandonsa.

Gaɓa ta cika, wayoyi a sama.
Rabin mutanen jarumi suka zo gani,
rabin kuwa, Allah Ya yafe mana,
sun zo ne don a ce a gabansu aka yi.

Ya tuɓe. Haƙarƙari kamar saƙar kwando.
Ya yi bismilla, ya shiga,
na bi shi da kwalekwale, bakina ya bushe.

Da farko na ji kunyar shakkata.
Hannuwan da ke ɓarar da shayi a tabarma
sun tuna aikinsu,
suna yankan ruwa sannu, ba fantsama,
kamar mai gaisawa da tsohon maƙwabci.

A tsakiya ne, inda ruwa ke yin duhu,
numfashinsa ya koma zugazugin da ya huje.
Kai ya nutse, ya fito. Ya sake nutsewa.
Sai na ga yatsu huɗu
sun kama gefen kwalekwale,
ta ɓangaren da mutanen gaɓa ba sa gani.
Bai dube ni ba.
Ni ma na ɗaga kai ina kallon wani balbela.
Na karkata jirgin ya yi masa labule,
na riƙa tsoma filafili a hankali
ina jan shekaru tamanin da wani abu
zuwa wancan tsallake.

Saura kamu kaɗan ya saki.
Ya yi iyo sau goma, na ƙirga,
ƙafarsa ta taɓa laka, ya miƙe yana rawar ɗari.
Guɗa ta ƙetaro kogi ta same mu.

Yanzu a kasuwar Sinnar sun ce ya haura ɗari,
wai lokacin ambaliya ne,
wai har kada ya kauce masa.
Wani tsoho a Sinja, na ji, ya fara gwada numfashi.
Wannan ne ke hana ni barci:
shi wa zai bi shi da kwalekwale?

In an tambaye ni, cewa nake:
na ga shigarsa, na ga fitarsa.
Ban yi ƙarya ba, ban kuma sami sauƙi ba.
Da yatsun nan sun zame,
wa za a tuhuma, kogi, ko shi,
ko ni da na ɗauki filafili maimakon in ɓoye wandon?

Da dare ina murza masa ƙafa da man riɗi,
ya yi shiru har na ɗauka ya yi barci.
Can ya ce, baɗi ma, in da rai.

Ban amsa ba.
Amma jiya na kifa kwalekwalen a gaɓa
na toshe ɓarakarsa da kwalta.