Ƙyale-su da Marfin Tukunya

Daren da aka kwance mana jajayen awaki biyu,
wayewar gari Nomau ya nufi Tibiri,
ya dawo da kwikwiyo cikin kwalin sabulu.
Ya ce ga mai gadi. Na ce sannunsa da zuwa.
Ya raɗa masa Ƙyale-su don maƙwabta su ji,
ban san har da ni a cikin habaicin ba.

Shekara ta zagayo, ƙafafu suka miƙe.
Ɓarawo bai ƙara hawa katangarmu ba, na yarda,
sai dai mun reni wanda ba ruwansa da katanga.

Dakalin siminti da magini ya ɗaga min a madafa,
jaka tara har da kuɗin yashi,
wai don bayana ya huta da sunkuyo,
ashe akushi na gina wa wani, daidai haɓarsa.
Rabin kaza ranar Juma'a. Man shanu har da ƙoƙon.
Ƙuli-ƙulin da na kwana ina murzawa,
na jera ya sha iska kafin kasuwa,
na je buɗe wa ɗan ga-ruwa ƙofa, na dawo,
faranti fes, ko maiƙo bai bar min ba.

Asarar nama da sauƙi, wankin ne tashin hankali:
kwano ɗaya sau bakwai, hannu har ya yi kanta,
shi kuwa yana miƙe gindin dogon yaro,
yana lasar baki, yana kallona da ido guda.

Tsahara ta ce barkono. Na barbaɗa.
Ya yi atishawa uku, ya zagaya ta ɗaya gefen,
ni na yini ina sharar hawaye.
Ɗana Ƙasimu ya ɗaure gwangwanayen tumatir da zare,
ya maƙala ƙashi, wai in ya ja su zubo ya razana.
Sun zubo kam. Da tsakar dare.
A kan kakarsa, da ta fito neman ashana.
Tsawa kuwa, daga Mokoyo har Bagalam an san muryata,
amma tsawa tsawonta tsawon tsayuwata ne,
ina ba da baya ta ƙare.

Tsohuwa ce, tana shafa ƙulun da ke goshinta,
ta ce, Barira, in ɓera da sata, daddawa ma da wari.
Wa kika ga yana sintiri inda bai taɓa samu ba?

Sai na share dakali, ko ɓawon albasa ban bari ba.
Abin da ya kwana, sama, a ragaya.
Tukunya da marfi, marfi da dutsen niƙa.
Ƙyauren langa-langa na sa masa sakata.
Kaskonsa can bakin garke, kullum bayan la'asar,
ƙanzo da romo, ba fashi,
kuma duk wanda ya jefa masa loma daga madafa
shi zai yi wanki bakwai ɗin.

Kwana goma, ina cikin aiki sai ya leƙo,
ya dafa dakali, ya shinshina siminti,
siminti bai ce masa komai ba.
Ran na sha ɗaya ya wuce ƙofar ko waiwaye babu.

Shekaranjiya da asuba na zare sakata,
na ɗaga dutse, na ɗaga marfi.
Tsoka bakwai na ƙirga da dare.
Huɗu na tarar.

Nomau na bakin randa yana alwala,
bai ɗago ba ya ce, karen nan sai addu'a.

Na dubi dutsen, yadda aka zaunar da shi daram.
Na dubi Ƙyale-su, ya ɗora haɓa a kan ƙafa.
Ya ci kazata, ya ci jarina, ban manta ba,
amma duk tsawon zamanmu da shi
bai taɓa mai da marfi ba.

Ban ce uffan ba. Da la'asar na zuba ƙanzo,
na tsamo tsoka ɗaya daga rabon mai gida,
na ɗora a kai.