Albasa a Kasuwar Tawa

Barira ta zo hutu daga Yamai,
ta tsuguna gaban buhunana,
ta ɗauki albasa guda, ta ɓare da farce.

"Abba, dubi: saiwa fara, ganye kore, ɓawo ja.
Amma littafi ɗaya ke cikin kowace ƙwayar halittarsu,
zare biyu a murɗe kamar igiyar guga."

Na ce, to me ya raba su?

"Masu tsaron shafi.
Furotin ne ƙanana, masu yatsu,
kowane na lalube bisa zaren
har ya dace da layinsa, ya dafe.
Wani in ya zauna sai ya yafito magatakarda:
kwafi nan! Ja ya fito.
Wani ya kwanta kamar jaki a ƙofar rumbu,
ba mai wucewa.
A saiwa ma shafin ja yana nan,
ba a karanta shi ba ne kawai."

Mai saye ya zo, na auna masa tiya biyu,
ko ciniki ban yi ba.

Shekara goma sha ɗaya rabona da gurmi,
tun ranar da muka kai uwarta.
Da dare ina ɗaure bakin buhu
na tsinci yatsuna suna kaɗa igiyar.