Ɗakin da Babu Agogo

A ƙarshen baranda, bayan ɗakin tiyata,
akwai ɗan ɗakin da ba a raɗa wa suna ba.
Babu agogo. Da gangan ne, in ji mai shara.

Wani ya zana kogin Kaduna a bango,
ruwan damina mai launin kunun kanwa,
amma bai zana gada ba.
Fenti ne ya ƙare masa ko hikima ce, oho.

Na shimfiɗa darduma a wannan gefe.
Can kan benci, wata mata daga Kakuri
ta rungume takalman ɗanta,
leɓenta na motsi.
Nawa ma.

Awa biyu suka ce za a yi wa Ɗayyabu.
Hasken tagar sama ya bar ƙafata,
ya rarrafa, ya hau gwiwarta.
Da shi muke awon jira.

A waje, da sai an fara tambaya:
daga wane ƙetaren kike?
Nan kuwa goro ta ɓara,
ta miƙo mini rabi
ta saman ruwan da ba shi da gada.

Sai ƙofa ta motsa.
Mu biyun muka miƙe.