Kai da Wutsiya

Faranti huɗu na sayo a Ƙofar Ƙwaya,
na hannu ne, ɗaya da tsaga a kusurwa
kamar diddigen manomi.
Mai kayan ya dafa ƙirji ya ce, rana ba ta duban tabo.
Na biya. Na rungume su a cikin kurkura
har Ƙofar Marusa, kowane rami sai na yi salati.

Mannir ya riƙe tsani, na hau kwano da hantsi
tun bai fara gasa tafin ƙafa ba.
Na juya fuskarsu kudu, a ɗan kishingiɗe
kamar dattawa bayan sun ci tuwo.
Na lulluɓe su da tsohon zanen Inna Yahanasu,
don farantin da ya ga rana ya ɗau wuta ke nan,
ba ya jiran a ce masa bisimilla.

Jar waya kai ce, baƙa wutsiya.
Na feɗe bakinsu da reza, tagulla ta yi murmushi,
na ɗaura kan wannan a wutsiyar wancan,
huɗu a igiya guda, ayarin raƙuma.
A ƙasa, batir na fara haɗawa,
kwantirola ta san mai gidanta tukuna
kafin baƙi su sauko daga sama.
Sai fiyus, ɗan mitsitsin mai gadi
wanda duk albashinsa shi ne ya ƙone
don ɗakinmu ya kwana lafiya.

Na yaye zane. Mita ta ce saba'in da ɗoriya.
Mannir ya saki tsani ya yi tsalle,
ni kuwa ina sama.

Firiza ta yi gurnani, Inna ta jera zoɓo a leda.
Kwana ɗaya, kwana biyu.
Amma da an yi azahar sai lamba ta zube,
batir ya shiga dare da rabin ciki,
zoɓo ya wayi gari ruwa.
Na zargi tsagar nan. Na zargi mai kayan da kakansa.
Na kwance, na ɗaure, na ƙona ɗan yatsa.
Ran na huɗu na zauna bisa kwano ban taɓa komai ba,
kallo kawai,
sai ga ta tana rarrafowa:
inuwar darbejiyar tsakar gida,
reshe ɗaya tak, bisa faranti ɗaya tak,
raƙumi guda ya durƙusa, ayari ya tsaya.

Mannir ya ce, a ɗauko gatari.
Inna ba ta ɗago daga tsintar wake ba.
Ta ce, Sada ya dasa ta shekarar da aka haife ka,
da buta ya yi ta ba ta ruwa.
Ta riga wayarka zuwa gidan nan.

To.
Na sake hawa, na raba ayari biyu,
biyu nan, biyu can, sannan kai da kai,
wanda inuwa ta kama ya ja ɗan'uwansa ɗaya,
sauran biyun su ci ranarsu.
Sai siririyar waya ta fara ɗumi a hannu,
kaya sun yi mata yawa.
Mai kauri kuwa tsada gare ta.
Tantabaruna shida suka tafi kasuwa,
suka dawo nannaɗe, yadi goma sha biyu.

Yanzu da dare unguwa duhu, janareto na tari,
ɗakin Inna kuwa ƙwai ɗaya fari tas,
tana ƙirga canjin ƙanƙara a ƙarƙashinsa
tana ɓata lissafi tana sakewa.
Darbejiya na nan. Tsuntsayenta ma na nan,
kuma sun gano farantina.
Kowace asuba, tsani, tsumma da ruwan buta,
ina goge musu gaisuwar da suka bari.