Ɗakin Majigi

Edita ya ce in rubuta kan tsadar albasa,
shafi biyu, kafin Alhamis.
Na fara da kasuwar Aminabad,
da kwandon da ya rame, da sikelin da bai rame ba.
Kafin sakin layi na uku
ga ni kuma a ɗakin majigi,
'yar shekara tara, riƙe da kwanon abincin Abbu.

Kullum haka.
In na taɓo ambaliyar Gomti, can nake ɓulla.
In na taɓo zaɓe, can.
Akuya ce ni mai doguwar igiya,
na yi kiwo duk faɗin Lucknow,
amma turken yana saman silimar Gulnar.

Matakala ashirin da bakwai, ta sha ɗaya tana ƙara.
Ɗakin ya fi tanderu zafi.
Abbu da singileti, tawul a wuya,
yana ɗaura faifai a inji kamar mai yi wa jariri wanka.
Ban kalli fim daga kujera ba sai da na shiga jami'a.
Ta 'yar taga nake leƙe, faɗin tafin hannu,
in ga ƙeyar mutum ɗari huɗu
tana rawa da kuka lokaci guda.
Shi ya sa har yau ban iya rubuta fuska ba,
ƙeya nake rubutawa.

In fim ya tsinke sai ihu ya taso daga ƙasa,
ana zagin mutumin da ba a taɓa gani ba.
Abbu ya sa almakashi, ya yanke inda ya ƙone, ya liƙe,
guntun ya faɗi, ni in tsince.
Na cika gwangwanin alewa:
rabin murmushi, ƙafar doki,
hannun mace babu macen,
ruwan sama da bai sauka kan kowa ba.
Sai in ɗaga su a rana in ƙirƙiro sauran.
Yanzu masu sharhi na cewa salona gutsi-gutsi ne.
To da me aka yaye ni?

Shadab ya daina gaishe ni
tun da na rubuta batun tikitin da yake sayarwa sau biyu.
Ya ce jini ba tawada ba ne.
Bai yi ƙarya ba.
Na tura masa mangwaro kwali guda, ya karɓi mangwaron.

Ammi ba ta ganin ƙananan baƙaƙe,
Naushaba ke karanta mata da daddare.
Jiya ta kira ni:
"Tazeen, ba jajiberin Idi na sayar da awarwarona ba,
wata Talata ce kawai.
Kuma da kika ce kin same ni ina kuka a kicin,
albasa nake yankawa."
Na ce to, Ammi.
Ta ce, "Ubanki ma haka yake,
ya yanke abin da ya ga dama, ya liƙe, a tafa masa."

Gulnar yanzu shagon firiji ne.
Na je, na nemi in hau sama, yaron shago ya ce sito ne, a kulle.

Edita ya bugo: ina albasar?
Na ce tana layin ƙarshe, a hannun uwata.
Talatar na gyara.
Kukan na bar shi yadda na gani,
don ta baya na tsaya ranar,
kuma na san yadda ƙeya ke yi.