Tiyar Sahura

Shekara talatin da ɗaya ina awo a kasuwar Maraɗi.
Tiyata ta san hannuna,
hannuna ya san gero daga maiwa ko da ido a rufe.
Ɗiyata Sahura ma awo take yi,
sai dai abin da take aunawa ba ya yin tozo.

Da dare, in kuran bai ɗauke ba,
takan buɗe na'ura bisa tabarma,
wani layi ya tashi kamar Gulbi a tsakiyar damina,
ya cika, ya yi jinkiri, ya janye ya bar rairayi.
Na ce, mene ne wannan?
Ta ce, Baba, maganin zazzaɓi ne cikin jinin yaro.
Ka ɗauki jiki randa ce mai tsaguwa a gindi:
ana zubawa ta sama, yana tsiyaya ta ƙasa.
Nawa za a zuba, sau nawa,
kada ta ƙafe, kada ta yi ambaliya?

Tana da yara dubu biyar a cikin na'urar,
ba mai uwa, ba mai suna, ba wanda aka yanka wa rago.
Su take fara ba magani.
In sun mutu, sai ta share, ta sake lissafi,
ba a haƙa rami ba.

Wata uku tana haka.
A Yamai mutanen hukuma na jira da hatimi a hannu,
mai kamfani na bugo waya bayan kowace la'asar.

Sai ga jini ya zo daga Ɗan Isa,
ɗigo-ɗigo a kan takarda, cikin akwatin ƙanƙara,
na yara arba'in da bakwai masu suna.
Talatin da takwas suka hau layinta kamar tururuwa.
Tara suka faɗo ƙasa.
Masu tamowa ne, waɗanda damtsensu bai cika zoben yatsa biyu ba.
Cikinsu bai riƙe maganin ba,
ya wuce kamar ruwa a kwando.

Ranar ba ta taɓa tuwo ba.
Ta ce, lissafina ya ɗauka kowane yaro ya ci ya ƙoshi.

Ban yi lakkwal ba, amma wannan na gane shi.
Na taɓa sayen tiya a Jibiya, sabuwa fil,
ashe gindinta ya lotsa ciki da kaurin farce.
Kaka guda ina tauye mutane ban sani ba,
har wata tsohuwa daga Tibiri
ta juye awona cikin ƙwaryarta, ta dube ni, ba ta ce komai ba.
Na ba Sahura wannan labari. Ta yi dariya, ta share ido.

Ta kira Yamai ta ce a ajiye hatimi tukuna.
Mai kamfani ya ce tara ne kawai.
Ta ce, ƙirga su da sunansu,
fara da Tsayabu.

Yanzu ƙarfe biyu na dare.
Ta tsaga randar tata gida biyu,
ta ƙara wani harafi da ban san sunansa ba,
an ce shi ne yunwa.
Layin ya sake tashi, a hankali wannan karon.

Na kawo mata shayi, na tsaya a bayanta,
ina kallon ko zai kai baki.