Bango Ɗaya

Bango ɗaya ne tsakanina da Zuwera,
bulo tsirara, ko shafe ba a yi masa ba.
In ta yi atishawa, daga gadona nake yi mata addu'a.

Shekara huɗu muna gidan hayan nan na Bukoki.
Nomau na kan hanya, Yamai zuwa Tawa, Tawa zuwa Yamai,
kwana biyar bayan sitiyari, kwana biyu a gida,
ya dawo da cuku a leda, da jan ido.
Kwana biyu, ko wuta ce ana iya riƙe ta a tafin hannu.

Sai aka rufe gari.
Motarsa ta durƙusa a tasha kamar raƙumin da aka dabaibaye,
ƙarfe bakwai kowa ya shige ɗaki,
ladan ya ce a yi salla a gida,
kwana biyu suka zama arba'in.

Na san ƙarar kwanon da ya faɗi da kansa,
na san ta wanda aka jefa.

Daren farko na ƙara muryar rediyo.
Ina faɗa, don kada a ce na fi kowa.
Mai labarai yana ƙirga waɗanda suka kamu,
yana cewa a wanke hannu da sabulu,
ni kuma ina ƙirga wani abu ta bango:
bakwai, takwas,
sai shiru mai nauyin turmi.

Da safe a bakin famfo,
takunkumin atamfa ya rufe ta har ƙasan ido.
Mata suka ce Zuwera akwai bin doka.
Ta ɗaga shi ta kurɓi ruwa,
na ga leɓen ya tsage kamar ƙasar tafki a watan bazara.
Ta ce ƙofa ce.
Na ce Allah ya sawwaƙe, ƙofofin bana sun yi hannu.

Ina za ta?
A titi akwai kulki, a ɗaki akwai bel.
Uwarta na can Bambai, bayan shinge goma,
wayarta kuwa tana aljihun Nomau
tare da jika biyun da ta tara daga sayar da ƙanƙara.
Mai gida ya ce tsakanin miji da mata sai Allah.
Mijina ya ce talauci ne, ki kwanta.
Talaucin nan ai a tukunyata ma yake kwana,
bai taɓa fasa wa kowa baki ba.

Daren sha bakwai ga azumi, wuta ta ɗauke,
fanka ta tsaya, rediyo ya mutu,
ba abin da zan ɓoye kunnena a ciki.
Na ji ƙaramar 'yarta, Bassira, tana cewa
Baba, na daina, na daina,
ita da ba ta yi komai ba.

Na ɗauki taɓarya.
Ban daki kowa ba, bango na daka,
sau uku, har ƙasa ta zubo a kan gidan sauro.
Na ce: Nomau, Tsahara ce. Ina ji.
Sai Gambina ta ɗaki na huɗu ta buga murfin tukunya,
sai tsohuwar da ba ta gani ta buga butarta,
gidan duka ya zama ganga
har karnukan bayan layi suka amsa.

Ƙofar ta buɗe.
Zuwera ta fito da takalmi ƙafa ɗaya, yarinya a kafaɗa.
Na shimfiɗa musu tabarmar baƙi,
muka yi sahur da fura, ba mai magana.

Ba zan ce ya shiryu ba, ban sani ba.
Ranar da aka buɗe hanya ta shiga motar wani, ba tasa ba.
Ta bar mini kular ƙanƙararta, ta ce in riƙe.

Yanzu ɗakin sababbin aure ke ciki.
Suna dariya da dare, ina jin su.
Taɓaryar dai ban mayar da ita kicin ba.